Hanyar Jama'a da Ƙa'idar Gini: Yadda Birni Ke Sallama Filinsa

Abin da masana tsara birane ke nufi da hanya ya fi kwaltar da motoci ke bi faɗi, domin a taswirarsu hanya ta haɗa da kwaltar da kafaɗunta biyu, da magudanar ruwa, da wurin masu tafiya a ƙasa, da zirin da ake binne bututun ruwa a kuma kafa turakun lantarki, har ma da sararin da aka bari fayau saboda faɗaɗawar da za a buƙata wata rana. Wannan ziri gaba ɗayansa shi ake kira haƙƙin hanya, wato filin da kowa ke da ikon wucewa ta cikinsa amma babu mai ikon killace shi. A Najeriya an ƙayyade wa manyan hanyoyin gwamnatin tarayya mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 ana bar masa mita 25 a kowane ɓangare, mai kilobolt 132 kuma mita 15. Wanda ya ga irin wannan fili babu gini a kansa yakan ɗauka ƙasa ce da aka manta da ita, alhali kuwa aikinta ke nan ta zauna babu komai.

Duk da haka hukuma tana da ikon janye wannan haƙƙi ta mayar da filin abin mallaka, kuma akwai lokutan da yin hakan ya dace, kamar idan an karkatar da titi tsohon ya zama kufai, ko an zana layi a taswira tun da daɗewa amma ba a taɓa buɗe shi ba, ko asibiti yana buƙatar haɗe fulotai biyu da wani siririn lungu ya raba. Matsalar ita ce babu shawarar da ta kai wannan wuyar warwarewa a harkar gari. Sa hannu ɗaya ya isa a sallama hanya, amma dawo da ita bayan an zuba ginshiƙai an ɗora bene sai da katafila da diyya da shari'a, wani lokaci har da asarar dukiyar mutanen da suka saya a hannu na uku ba su san asalin maganar ba.

Saboda haka ne ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan lamari suka sa masa matakai masu nauyi tun daga farko. A jihar Washington ta Amurka, masu gidajen da ke bakin titi za su iya neman a janye shi, kuma idan takardar neman ta samu sa hannun masu mallakar fiye da kashi biyu cikin uku na filayen da ke jikin titin, dole majalisar birni ta sa ranar sauraron jama'a, wadda ba za ta gaza kwana 20 ba kuma ba za ta wuce kwana 60 ba daga ranar da aka tsayar da ita. Ana manna sanarwa a wuraren taruwar mutane da kuma kan titin da kansa, domin wanda ke bin sa kullum ya gani da idonsa. Idan an amince, filin yakan koma hannun maƙwabtansa na gefe biyu, kowa zuwa tsakiya, amma birni yana iya riƙe ikon shiga don gyaran bututu da wayoyin da ke ƙarƙashinsa, yana kuma iya karɓar kuɗin da ya kai rabin darajar filin, ko darajarsa cikakkiya idan ya shekara 25 yana matsayin hanya, sannan doka ta ce a kashe rabin kuɗin a kan ayyukan sufuri ko filayen shan iska na jama'a. A Ingila ma, dokar tsara gari ta 1990 ta tanadi cewa kafin a rufe hanya saboda wani gini sai an buga sanarwa a jarida, an manna ta a bakin hanyar, an ba masu ƙorafi kwana 28. Abin lura a nan shi ne an ɗora nauyin kawo hujja a kan mai son a rufe, kuma an yi komai a gaban idon mutane kafin a haƙa ramin tushe.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin fiƙihun Malikiyya da alƙalai suka yi hukunci da shi ya yi dogon bayani a kan hanya. Hadisi ingantacce ya nuna cewa idan an yi saɓani a kan faɗin hanya sai a bar mata zira'i 7, kimanin mita uku da rabi, gwargwadon abin da raƙuma biyu masu kaya ke buƙata don su gifta juna. Malamai sun bambanta tsakanin hanya mai ɓullewa, wadda ta dukkan jama'a ce, da lungu marar ɓullewa, wanda mazaunansa ne suka yi tarayya a kansa. Sun kuma yarda mai gida ya amfana da ɗan sararin da ke jikin katangarsa, ya zauna, ya ɗaure dabba, ya sauke kaya, muddin bai cutar da mai wucewa ba kuma bai shigar da wurin cikin gidansa ba. Ibn al-Rami, wani magini da ya yi aiki da alƙalan Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa inda ya taɓo harimi, wato kewayen da ake bar wa rijiya ko gari don amfanin kowa. Dakalin ƙofar gida da dattawa ke hira a kai yana cikin abin da aka yarda da shi. Dakalin da aka yi wa rumfa, daga baya aka ja masa bulo, aka sa ƙyaure aka zuba kaya, shi ne ya tsallake iyaka.

Dokar zamani ta Najeriya ta ɗauki wata hanya dabam. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa bisa salon dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallakar mutum idan buƙatar jama'a ta rinjaya, sashe na 29 ya yi maganar diyyar abin da aka gina ko aka shuka, sashe na 44 kuma ya fayyace yadda za a isar da sanarwa. Wato dokar ta yi bayani filla-filla a kan yadda za a karɓi filin mutum a mayar na jama'a. Amma idan aka juya al'amarin, aka ce filin jama'a za a ba mutum, sashe na 5 ya ba gwamna ikon bayar da fili ga kowa don kowace manufa, ba tare da ya wajabta sauraron jama'a ko manna sanarwa ba, kuma kwamitin rabon filayen da ke ba shi shawara shi ne ke naɗa shi. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha sai abin da ta tanadar wa kanta. Wannan giɓi na sashe na 5 yana daga cikin tushen rigingimun fili da ake gani a manyan biranen Arewa.

Kano ta nuna lamarin ƙarara. Birnin ya taɓa samun babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya shirya, amma yawan jama'a ya zarce shi nesa ba kusa ba, unguwanni da dama suka tashi a filayen awon igiya, inda dillali da mai gona ke yanka fulotai su bar wa layi abin da ya rage, sau da yawa wanda motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. A cikin gari kuma aka riƙa cike kududdufan da ke shanye ruwan sama ana gini a kansu, aka ci badala, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 kuma Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, har ta ɓace ɗungurungum a wurare masu yawa. A damina ta 2022 ruwa ya mamaye kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa magudanan ruwa.

A nan ne ƙa'idojin sake gini ke shigowa, kuma su ne ɓangaren da jama'a suka fi jin haushinsa domin suna taɓa filin da mutum ya mallaka da takardarsa. Idan mai gida ya kai zanen gininsa hukumar tsara birni, wadda a Kano ake kira KNUPDA, ana duba tazarar da ya bari tsakanin gini da titi da kuma maƙwabta, da tsayin benen, da kason fulotin da ginin zai rufe, da wurin ajiye motoci, da kuma manufar da aka ba da filin dominta, ta zama ce ko ta kasuwanci. Hikimar da ke ciki ita ce tsohon ginin da ya riga doka yawanci ana ƙyale shi yadda yake, amma ranar da mai shi ya rushe shi don ya sabunta, sabon ginin dole ya ja da baya zuwa layin da aka shata. Ta haka titi ke faɗaɗa sannu a hankali, gida bayan gida, ba tare da an kori kowa ba. Idan aka yi sakaci da wannan dama, sakamakon a bayyane yake a titunan da gidajen zama suka rikiɗe suka zama jerin shaguna: gidan da dā mota ɗaya ke shiga ya koma bene mai shaguna da yawa, an gina shi har bakin kwalbati, an rufe lambatu da kankare don a samu wurin baje kaya, masu saye suna ajiye motoci a kan kwalta, mai tafiya a ƙasa kuma yana kutsawa tsakanin A Daidaita Sahu da babura. Babu takardar da ta ce an janye haƙƙin hanyar, amma a aikace an janye shi. Jan fentin da ma'aikata ke shafawa a bango bayan an kai linta shaida ce cewa an makara, domin lokacin hana gini shi ne lokacin da ake duba zane.

Abin da ya faru a 2023 ya tattara duk waɗannan matsaloli wuri guda. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta bayar da filaye a wuraren da jama'a suka sani a matsayin nasu, ciki har da kewayen Filin Idi na Ƙofar Mata, da Filin Sukuwa, da sansanin alhazai, da tsohon otal ɗin Daula, tana mai cewa haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa don raya wuraren da samar da kuɗin shiga. Tun a watan Maris, kafin a rantsar da shi, zaɓaɓɓen gwamna Abba Kabir Yusuf ya gargaɗi masu gini a irin waɗannan wurare da su dakata, kuma 'yan kwanaki bayan ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu aka fara rusau da wani bene mai shaguna a Filin Sukuwa, sannan aka bi sauran. Matasa suka yi ta wawashe rodi da ƙyamare da kwanon rufi daga ɓaraguzan, har 'yan sanda suka kama mutane da dama.

Gari ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masu goyon bayan rusau suna cewa masallacin Idi da makaranta da maƙabarta ba kayan sayarwa ba ne, kuma idan aka ƙyale wannan karon babu filin da zai tsira. Masu shaguna kuma suna riƙe da takardun da hukumomin gwamnati suka ba su, sun biya kuɗi, wasu sun ci bashi, kuma a wurinsu gwamnati ɗaya ce ko da an sauya gwamna. A watan Satumba na 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ba 'yan kasuwar Filin Idi gaskiya, ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya ɓangarorin suka sasanta a kan naira biliyan 3 da za a biya kashi-kashi. Hukuncin ya tsaya ne a kan haƙƙin masu dukiya da yadda aka rushe ta, kuma tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko tun farko ya halatta a yanka filin, ba ta samu zauren da jama'a za su tattauna ta ba, kafin gini ko bayansa.

Asarar ta hau kan mutanen Kano sau biyu, domin sun rasa filin na tsawon shekaru, sannan aka ɗora wa baitulmalinsu biyan diyyar dawo da shi. Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin majalisar dokokin jiha ba, tunda Kotun Ƙoli ta riga ta ce hurumin nata ne: a yi rajistar hanyoyi da magudanai da filayen jama'a da iyakokinsu a taswirar da kowa zai iya dubawa, a wajabta manna sanarwa a jikin wurin da sanar da mai unguwa da dagaci, a ba da wa'adin ƙorafi, a saurari mutane a bainar jama'a, a bayyana farashi da wanda ya saya. Har yanzu filayen da aka share a 2023 suna ƙarƙashin sashe na 5 na dokar 1978 kamar yadda suke kafin a gina su, kuma gwamna na gaba yana da ikon da na baya ya yi amfani da shi.