Janareta Mara Mai da Faifan Injin Niƙa

Duk wanda ya taɓa kai niƙan gero a Gidan Igwai ya ga abin: an kashe inji, amma ƙaton faifan ƙarfen da ke gefensa yana ta juyawa, bel na kaɗawa, kafin ya lafa. Faifan nan rumbu ne. Yana tara ƙarfin da man dizal ya bayar idan fistin ya buga, ya riƙa sakinsa kafin bugu na gaba. Idan gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin da ya tara kan ninka huɗu.

Sai dai ba ya ƙirƙirar ƙarfi. Gogayyar boris da iska na cinye shi, ya koma zafi.

Nan ne masu tallar "janareta mara mai" ke cutar talaka, musamman bayan cire tallafin fetur a 2023. Tsarin da suke talla shi ne: injin lantarki ya juya faifai, faifai ya juya dainamo, dainamo ya ciyar da injin. Kowane zagaye da asararsa; batirin da aka haɗa wa injin ne ke ɗauke da nauyin, kuma zai ƙare.

Wannan tsohon mafarki ne. Bhaskara na Indiya ya bayyana wani faifai da aka ce zai yi ta juyawa da kansa a ƙarni na 12, kuma a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina duba irin waɗannan injuna.