Daga Kutemeshi Zuwa Legas: Auren da Aka Nemi Shaidarsa a Takarda

Ranar da aka ɗaura auren ƙanwata a Kutemeshi, wata Juma'a cikin Disamba na 2019, babu wanda ya ɗauki alƙalami. Baffanmu ya yi walicci, wakilin ango ya miƙa sadaki, liman ya yi addu'a, aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Rabin gari ya shaida. Amarya tana cikin gida, ango kuwa ya fake wajen abokansa. A wurinmu babu auren da ya fi wannan inganci. Bayan shekara uku da 'yan watanni sai ga ni tsaye a bakin titi a Legas, ita kuma tana ciki, gaban wani gilashi, tana ƙoƙarin gamsar da baƙon da bai taɓa jin sunan garinmu ba cewa lallai tana da miji.

Mijin nata ɗan garinmu ne. Ya tafi Amurka ta hanyar ƙuri'ar biza tun kafin a cire Najeriya daga tsarin a 2013, ya zama ɗan ƙasa, yana aikin jinya. Da ya koma bayan biki ya cike takardar I-130, wadda da ita ake neman izinin ɗauko iyali. Ba a jima ba, a ƙarshen Janairun 2020, Shugaba Trump ya dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar zama, korona ta biyo baya. Sai ranar 20 ga Janairu, 2021, Shugaba Biden ya soke umarnin. Daga nan aka shiga sauran hidimomin: takardar DS-260 da ake cikewa a intanet, alkawarin ɗaukar nauyi na I-864 wanda dole miji ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin ƙasar, takardar 'yan sanda, gwajin lafiya da allurai. Mutanenmu da yawa suna zaton a Abuja ake ganawar. Ta bizar zama a Legas ake yin ta, a ƙaramin ofishin jakadanci da ke titin Walter Carrington, wanda aka sa wa sunan jakadan Amurka na zamanin Abaca.

Duk wannan wahalar kuɗi ce da jira. Inda gizo yake saƙar shi ne abin da suke kira shaidar cewa auren na gaskiya ne. Jami'in yana son ganin hoton ango da amarya tare ranar aure, da saƙonnin waya, da rasit na kuɗin da aka aiko. Ban ga laifinsa ba, domin auren bogi don neman biza sana'a ce da ta daɗe, kuma mintuna kaɗan gare shi ya rarrabe tsakanin aya da tsakuwa. Sai dai ma'aunin da ke hannunsa an ƙera shi ne daidai da auren da ake yi a gaban magatakarda, inda ma'aurata suke sa hannu su rungumi juna a ɗauki hoto. Mu kuwa amarya ba ta ma zuwa wurin ɗaurin aurenta. Hotunanmu na ranar duk na dattawa ne cikin manyan riguna a kan tabarmi.

Saƙonnin waya ma da giɓi a cikinsu. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, har da Birnin Gwari. Wata biyu miji bai ji muryar matarsa ba, bai san ko tana raye ba. A kan takarda kuwa, abin da ido zai gani shi ne mata da miji da suka yi wata biyu ba su kula juna ba. Bayan an buɗe layi na ɗauko ta ta dawo wurina Zariya.

A falona muka yi ta gwaji. Na zauna a matsayin jami'i, na tambaye ta da Turanci sunan mijinta. Malamar firamare ce, Turanci bai gagare ta ba, amma sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Yaya, ai ka san shi." Tun da aka yi auren ba ta taɓa kama sunansa a gaban babba ba, Malam take cewa. Na yi dariya, daga baya dariyar ta koma ciki. Sunkuyar da kai da jinkirin amsa, waɗanda uwarmu ta yi shekaru tana koya mata da sunan tarbiyya, su ne mai binciken ƙarya zai iya ɗauka alamar rashin gaskiya. Na shafe shekaru ina yaba kunya a gaban ɗalibai, sai ga ni ina koya wa ƙanwata yadda za ta ajiye ta na minti goma. Na ce mata ta ɗauka gaban alƙali take, inda shari'a da kanta ta yarda mace ta buɗe baki ta faɗi haƙƙinta.

Wani dillali da aka haɗa mu da shi ya kawo shawarar a haɗa hoton biki da kwamfuta, a kuma rubuta mata amsoshi ta haddace. Na sallame shi. A dokar Amurka, wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan don samun biza yana iya fuskantar haramcin shiga na har abada. Ƙarancin shaida ana iya cike shi daga baya, ƙarya kuwa ba ta da gyara.

Ranar ganawa ba a bar ni na shiga ba, ita ma ba a bar ta da waya ba. Da ta fito wajen azahar na hango takarda a hannunta maimakon murmushi. Ta faɗi sunan mijinta, ta ce, har da na mahaifinsa, kuma ta yi bayanin katse layi, jami'ar ta saurara da haƙuri. Abin da ya kawo cikas tambaya ce mai sauƙi: yaushe aka yi aurenku? Ta faɗi ranar ɗaurin aure. Takardar rantsuwar da ango ya karɓa cikin gaggawa kafin ya koma kuwa ranar tarewa aka rubuta a kanta, mako guda tsakani. Bahaushe yana da ranar ɗaurin aure, da ranar biki, da ranar tarewa, kowace ka tambaya zai ce maka ranar aure ce. Aka ba ta takardar sashe na 221(g), wato an dakatar da hukunci sai ta kawo ƙarin hujja.

A nan na gane abin da rashin tsaro ya ci mana wanda ba a lissafa shi. Auren da ya dogara da shaidar jama'a yana nan daram muddin jama'ar tana wuri guda. Tun harin da aka kai Kutemeshi a Fabrairun 2021, da waɗanda suka biyo baya a gabashin Birnin Gwari, mutanen da suka zauna a kan tabarmin nan sun watse. Baffanmu ya rasu. Limamin na same shi a Funtuwa, a ɗakin haya. Wakilin ango yana Rigasa. Shi liman bai san wata 13 ga Disamba ba, abin da ya riƙe shi ne wata Juma'a a tsakiyar Rabi'u Sani na 1441, sai da muka buɗe kalanda muka daidaita. Na kai su kotu suka yi rantsuwa, aka gyara takarda, muka aika. Bayan makonni bakwai fasfo ya dawo da biza a ciki.

Ƙanwata tana da yaya mai albashi da mota. Ina tunanin matar da aka kashe mijinta a hanyar gona, take neman gadon 'ya'yanta ko haƙƙinsa na aiki, alhali waɗanda suka shaida aurenta sun bazu tsakanin Kaduna, Katsina da Neja. Ba sai an je Amurka ake buƙatar takarda ba. Littafi guda a kowane masallacin Juma'a, a rubuta sunan ango da amarya da waliyyi da shaidu biyu da sadaki, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, a ajiye kwafi a fadar hakimi ko kotun shari'a mafi kusa, ba zai ci kuɗin goron aure guda ba. Masarautar Birnin Gwari da majalisar malamai suna iya fara shi ba tare da jiran wata doka ba. Alƙur'ani ya umarce mu da rubuta bashi, ban ga dalilin da zai sa mu bar aure a baki kawai ba.

Da na je yi wa liman godiya na kai masa babban littafi mai bangon kwali da biro biyu. Ya juya shi, ya buɗe shafin farko, ya ce tun da ya zo Funtuwa ya ɗaura auren 'yan gudun hijira sun kai goma sha, ya tambaye ni ko zai iya farawa da su.