Yadda Aka Tara Kuɗin Sake Gina Majami'ar Notre-Dame

Ran 15 ga watan Afrilu na shekarar 2019, da maraice, gobara ta tashi a rufin babbar majami'ar nan ta Notre-Dame da ke tsakiyar birnin Faris, wadda aka aza harsashinta tun 1163. Wutar ta cinye azarar rufin, ta narkar da darmar da ke bisansa, ta kuma ka da doguwar hasumiyar tsakiya. A wannan dare Shugaba Emmanuel Macron ya ba da sanarwar cewa za a buɗe gidauniya ta ƙasa baki ɗaya, washegari kuma ya ce yana so a gama aikin cikin shekara 5.

To, sai alkawura suka dinga zuba kamar ruwan Agusta. Iyalin attajiri Pinault suka ce za su ba da Yuro miliyan 100, iyalin Arnault da kamfaninsu miliyan 200, iyalin Bettencourt da kamfanin L'Oréal su ma miliyan 200, kamfanin mai na Total kuwa miliyan 100. Abin mamaki shi ne, tun 2017 masu kula da majami'ar suke bara har ƙasar Amurka don gyaran duwatsunta da ke zaizayewa, amma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Sai da mutane suka ga wuta da idonsu sannan suka kwance bakin jaka.

Amma fa alkawari kaya ne. Duk wanda ya taɓa halartar bikin ƙaddamar da gidauniya ya san akwai tazara tsakanin abin da aka faɗa a lasifika da abin da ya shiga hannun ma'aji. Wata biyu bayan gobarar, kuɗin da ya shigo bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da aka ambata ba, kuma galibinsa daga masu ƙaramin ƙarfi ya fito. Attajiran sun ce su ba za su zuba nasu a tashi ɗaya ba, sai an rattaba hannu a yarjejeniya, su riƙa biya gwargwadon yadda aiki ke tafiya. An yi ta sukarsu a lokacin, wasu na cewa neman suna ne da gudun haraji, har iyalin Pinault suka bayyana cewa sun yafe rangwamen harajin da ya kamata su samu. Daga baya dai sun cika, kuma a ganinmu sharaɗin nasu bai kauce wa hankali ba.

Abin da ya fi ɗaure gidauniyar shi ne dokar da aka kafa ran 29 ga Yuli, 2019. Ya kamata mai karatu ya sani cewa ginin mallakar Gwamnatin Faransa ne bisa dokar 1905, limaman Katolika ibada kawai suke gudanarwa a ciki. Sabuwar dokar ta ambaci hukumomi huɗu da za su karɓi gudummawa, ban da baitulmali, domin kada 'yan damfara su sami ƙofa. Ta kuma ƙayyade cewa ba za a kashe kuɗin a kan kome ba sai gyaran majami'ar da kayanta, da horar da masu sana'ar da aikin ke bukata. Har ila yau, wanda ya ba da abin da bai wuce Yuro 1,000 ba kafin ƙarshen shekarar, an rage masa kashi 75 cikin 100 na kyautarsa daga harajinsa. Watau mai bayarwa ya san inda zai kai, ya san abin da za a yi da shi, ya kuma san akwai mai bin sawu.

An kuwa bi sawun. A 2020 kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnati ta yi ƙorafi cewa hukumar aikin, wadda Janar Jean-Louis Georgelin ke shugabanta, tana ɗibar kuɗin tafiyar da ofishinta daga cikin gudummawar, alhali nauyin gwamnati ne. Janar ɗin bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a Agusta 2023, Philippe Jost ya gaje shi.

A jimlace an tara Yuro miliyan 846 daga mutum 340,000 na ƙasashe 150. An kashe kimanin miliyan 700, kafintoci da magina da masassaƙan dutse da sauran ma'aikata wajen 2,000 suka yi aikin, aka sake buɗe majami'ar ran 7 ga Disamba, 2024. Rarar da ta saura, kimanin miliyan 140, an ware ta don gyaran bangon waje, tun da doka ta hana a karkata ta wani wuri.

Nan ne kuma wasu suka ji ciwo, domin akwai ɗimbin ƙananan majami'u a ƙauyukan Faransa da rufinsu ke yoyo. A Satumba 2023 Macron ya buɗe musu tasu gidauniyar, da burin tara miliyan 200 cikin shekara 4, da irin wancan rangwame na haraji. Shekara guda bayan haka, abin da aka samu bai kai miliyan 20 ba.