Ware wa saƙon kuɗi ƙararsa

Ɗan'uwa, in kana ciniki a Biafra ko Black Market ta Adjamé, ka san hayaniyar wurin. Kuɗi su shigo ta Wave ko Orange Money, ka ɗauka gaisuwar WhatsApp ce. Tun daga Android 8 na 2017, kowace manhaja ana iya ba ta ƙararta daban: shiga Paramètres, wajen sanarwa, ka zaɓa. Ba sai ka sauke wata manhajar sauti ba. In mai gyara ya sa maka ita, kuma ta nemi izinin karanta SMS, goge ta, don lambar tabbatarwa ta nan take zuwa. Ko ƙarar ta tashi ma, buɗe asusunka ka ga kuɗin kafin ka miƙa igiyar ragon.