"Pick up": Kalmar Ingilishi mai fuska da yawa da ke rikita 'yan cin ranin Damargu

A watan Maris na 2025 ne Janar Abdourahamane Tiani ya sanya hannu kan sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Sai dai samarin Tanut da Belbeji a jihar Damagaram sun daɗe da sanin amfanin Ingilishi, domin da zarar an gama girbin gero da yawansu kan nufi Kano ko Legas, wasu kuma su bi hanyar Agadas zuwa Libiya, inda suke cuɗanya da 'yan Najeriya da Gana.

Abin da ya fi ba mai koyo wahala shi ne kalmomin aiki masu tafiya da 'yar rakiya, irin su "pick up". A kwaleji akan koya wa ɗalibi cewa ma'anarta ɗaukar abu daga ƙasa. A tasha kuwa, direban da ya ce zai yi "pick up" ɗinka, ɗaukarka zai yi a mota. Daga nan ne ma motar a-kori-kura, irin su Hilux masu ratsa Sahara, ta samo sunanta na Ingilishi.

Idan ubangidanka ya kira ya ce ka yi "pick up", waya yake so ka ɗaga. Idan ɗan kasuwa ya faɗe ta game da ciniki, yana nufin kasuwa ta fara farfaɗowa. Wanda ya tsinci yare a bakin mutane ba tare da shiga aji ba, shi ma da wannan kalma ake bayyana shi.

Akwai kuma ma'anar da kuskure a kanta ke da tsada. Saƙon da ya ce "he was picked up" na iya nufin mota ta ɗauki ɗan'uwanku, yana kuma iya nufin jami'an tsaro sun kama shi. Dangin da suka fahimce shi a baibai za su iya yin kwanaki suna zaton yana hanya, alhali yana tsare. Don haka duk wanda ya samu irin wannan saƙo ya tambaya: wa ya ɗauke shi, kuma a ina?

Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Da kalmar "ci" kaɗai muna cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci bashi, mu ci jarrabawa, wani ya ci amana, saurayi ya tafi cin rani. Babu mai zaton ɗan cin rani tauna rani yake yi, domin abin da ya biyo bayan kalmar ke fayyace ta. Haka "pick up" take: a haddace ta cikin jimla, a lura da mai magana da wurin da ake maganar, kafin a yanke mata ma'ana.