Ba'adare a Gidan Tarihi na Yamai

Duk Ba'adaren da ya sauka Yamai ya kamata ya leƙa gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a shekarar 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama.

A fili an kafa mazaunai irin na kakanni: gidan Bahaushe, bukkar Bafillace, da tantin Abzinawa, ɗan'uwan waɗanda ake kafawa arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden. Maƙera da dukawa da masaƙa na zaune suna aikinsu, baƙo na tsaye yana kallo yana tambaya.

Abin lura shi ne, yawancin kayan da aka adana can akwai irinsu cikin ɗakunan tsofaffinmu a Adar. Amma roba ta kori ƙwarya, bulo yana korar tubali. In tsoho ya rasu ba a tambaye shi ba, kayansa sun zama bebaye.

Saboda haka, ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku ɗauki alƙalami ku rubuta sunan kowane abu da amfaninsa, tun masu sani suna raye.