Daga Ista Zuwa Fentikos: Kwana Hamsin Na Nazari

Ga yawancin ma'aikata da ɗalibai, Ista ba ta wuce hutun Jumma'a da na Litinin da Gwamnati kan bayar ba. Amma ga mabiya addinin Kirista, ranar Lahadin nan mafari ce kawai ta wani lokaci mai tsawon kwana 50, wanda yakan ƙare da idin Fentikos. Ita dai kalmar Fentikos daga harshen Girkanci ta fito, ma'anarta kuwa ita ce "na hamsin".

Ranar Ista ba ta tsaya wuri guda a kalanda ba. Bisa ƙa'idar da ake dangantawa da taron Nikiya na shekarar 325, akan yi ta ne ran Lahadin da ta biyo bayan cikar farin wata, daga 21 ga Maris zuwa gaba. Shi ya sa a ikilisiyoyin ƙasar nan takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, alhali kuwa na Habasha da Masar suna da nasu lissafin.

Abin da masu wa'azi suka fi jawo hankali a kai cikin waɗannan makonni bakwai shi ne halin da almajiran Yesu Almasihu suka shiga. Littattafan Bishara ba su ɓoye kasawarsu ba. Bitrus, babbansu, ya yi musun sanin malaminsa har sau uku a daren da aka kama shi. Sauran suka watse, daga baya suka kulle kansu a ɗaki don tsoro. Toma kuwa ya ce sam ba zai yarda da labarin tashinsa daga matattu ba sai ya ga gurbin ƙusoshi da idonsa. Duk da haka Bisharar Yahaya ta nuna cewa a bakin Tekun Galili an tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunar Ubangijinsa, sa'an nan aka danƙa masa kiwon garke. Watau dai wanda ya fāɗi aka ɗaga, aka sake ba shi amana.

Littafin Ayyukan Manzanni ya ce bayan kwana 40 Yesu ya hau sama, mabiyansa wajen 120 suka zauna a Urushalima suna addu'a. Ran Fentikos, lokacin da birnin ya cika maƙil da baƙi masu halartar Idin Makonni na Yahudawa, sai Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu. Mutanen Masar, da Libiya, da Roma, da Larabawa, kowa ya ji ana magana da harshen garinsu. Bitrus ɗin nan da ya kasa amsa tambayar wata baranya shi ne ya miƙe gaban taro, kuma a ranar mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma.

Malaman Kirista sukan gwama wannan da labarin hasumiyar Babila cikin Littafin Farawa, inda girman kai ya jawo rikicewar harsuna. A Fentikos ba a shafe harshen kowa ba, fahimta aka bayar. Wannan ne hujjar masu aikin fassara, irin su Dokta Walter Miller da abokan aikinsa, waɗanda ƙoƙarinsu ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Har yau a majami'u da dama na Filato, da Adamawa, da Kudancin Kaduna, Birom da Angas da Bachama da Bajju sukan haɗu su yi sujada da Hausa, kowa kuma yana riƙe da harshen gidansu.

To, amma zaman tare ba ya rasa gardama. Sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin yadda masu jin Girkanci suka yi ƙorafin cewa ana tauye gwaurayen matansu wajen rabon abinci na yau da kullum. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma yi ta jan zancen ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida da hikima su riƙe aikin. Abin lura shi ne, dukan bakwai ɗin, har da Istifanas da Filibus, sunayen Girkanci gare su, abin da ya sa masana da yawa ke ganin daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su.

Wannan darasi bai tsaya a ƙofar majami'a ba. Duk wanda aka ɗora wa rabon taki, ko gurbin karatu, ko kuɗin fansho, yana zaune ne a irin kujerar mutanen nan bakwai, kuma masu harsuna dabam-dabam ne za su tsaya gaban teburinsa. Kirista da ya yi azumin kwana 40 kafin Ista, ya kuma raira waƙoƙin Fentikos, ran Litinin ne za a gane abin da ya koya, sa'ad da takardar wanda ba ɗan garinsu ba ta iso hannunsa.